Fentin da Limojwa Ta Kankare

Duk tsibiran Enewetak babu mai dirjar tukunya kamar Limojwa. Yashin bakin teku ne sabulunta, ko ƙoƙon kwakwa ya shiga hannunta sai ya fito yana ƙyalli. Mukan tsokane ta cewa wata rana za ta dirje mijinta har ya ƙare. Ita ke riƙon jikarta Neirok tun da uwar ta rasu, duk inda ta zauna yarinyar na kan cinyarta.

Shekarar da aka maido mu gida daga inda aka kai mu zaman hijira, aka ce an gama kwashe dattin bama-baman da aka gwada a tsibiranmu, ma'aikata suka bar tarkace. Limojwa ta hango wani fallen ƙarfe mai kaurin fenti, ta ce ya yi daidai gashin kifi. Wani ɗan kwangila ya bi shi da na'urar awon guba, na'urar ba ta yi ƙara ba.

"Ɗauki abinki, Bubu," in ji shi, yadda muke kiran kaka. "Tas yake."

Tas! Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Limojwa ba ta cin abin da aka gasa a kan fenti. Ta zauna ta kankare shi a bushe, ƙura na tashi, Neirok na wasa da ɓarɓashin.

Daga baya wata mai awo ta zo bin gida-gida. Tana kai na'urarta dab da ƙarfen, abu ya ɗauki ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Ta ja da baya.

"Wa ya cire fentin nan?"

"Ni mana, 'yar nan. Ku a gidanku a kan fenti kuke ci?"

Matar ta ce gubar bam ce, irin wadda ake kira alfa. Ko takarda na tare ta, shi ya sa na'ura ba ta jin ta ta bayan fenti, kuma don a danne ta aka shafa shi. Ba ta ratsa fata, amma in aka shaƙi ƙurarta ta zauna a huhu ke nan. Wato wani ya san abin da ya rufe, aka miƙa wa tsohuwa ba ko kalma ɗaya!

Limojwa ta ɗago Neirok, ta yaye mata riga.

"To ɗora mata a ƙirji mu ji."

"Bubu, ba ta jin abin da ke ciki."

"Ke dai ɗora."

Ta ɗora. Na'urar ta yi shiru, babu wanda ya yi murna a cikinmu.

Har Limojwa ta bar duniya, in Neirok ta yi tari, ko da ƙwarewa ta yi da ruwa, sai tsohuwar ta saki abin da ke hannunta.