Kawu da Igiyar Shanya

A duk danginmu babu wanda ya san yadda ake ɗaukar ma'aikata a masana'antun sinadarai kamar Kawu. Shi ya faɗa mana haka, kuma bai taɓa janyewa ba. A kamfanin fenti ya yi aiki har ya yi ritaya, a sashen ajiyar kaya, inda tagarsa take kallon ƙofar ɗakin gwaje-gwaje.

Bai yarda da alƙaluman hukuma ba, wai a ofis ake dafa su. Na intanet kuwa, a cewarsa, yara ne suke rubutawa. Shi da idonsa yake bincike. A bayan masana'antun akwai wani mai wanki da guga, to Kawu yakan bi ta layin da hantsi ya duba igiyar shanyarsa. In fararen rigunan ɗakin gwaji sun yi yawa, ana ɗaukar aiki. In sun ragu, kasuwa ta tsuke. Ranar da aka yi ruwa babu rahoto.

Da Auta, ɗiyar ƙanwarsa, za ta shiga jami'a, aikin jinya take so. Uwarta ta kai ta gaban Kawu. Ya gyara tabarau, ya ce ta karanci kimiyyar sinadarai ta masana'antu, don kamfanoni rububin masu wannan ilimi suke yi.

"Kawu, a ina ka samo wannan?" in ji Auta.

"Ke dai yi abin da na ce. Ni ba jita-jita nake bi ba."

Ta bi maganarsa, ta gama da sakamako mai kyau. Ta yi ta yawo da takardunta har masu gadin kamfanonin suka fara tambayarta ya mutanen gida. Daga ƙarshe ta kama shago a layin mai wankin, a tsakiyar 'yan ajinsu da waɗanda suka riga su gamawa, kowa yana dama sabulun ruwa a cikin roba. Dukkansu da farar rigar ɗakin gwaji ta makaranta suke aiki, saboda sodar haɗa sabulu tana cin tufafi.

Bana Kawu ya tara mu, ya ce bai taɓa ganin ana ɗaukar aiki irin na wannan shekarar ba, igiya har ta ranƙwafa. Ya ba da shawara ɗiyata ma ta bi sahun Auta.

Biyu daga cikin rigunan da ya gani na Auta ne.