Sawun Dikko a Gonar Mati

A wani ƙauye na ƙasar Hawandawaki akwai manomi guda, Mati sunansa. Gajere ne, ba mai yawan magana ba, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: tun da ya iya riƙe sungumi, ruwan shuka bai taɓa sauka ya same shi a wani gari ba. Gonarsa jigawa ce, yashi zalla. Irin wannan ƙasa ba ta jiran kowa. In ta sha ruwa yau, jibi ta manta.

Matarsa ta rasu ta bar masa ɗiya guda, Huda. Ita ce ke bin bayansa ranar shuka, yana sara da sungumi, tana jefa iri a rami tana rufewa da dunduniya. Da ta gama firamare, malaminta, Mushe Sha'aibu, ya zo har zaure ya ce kan yarinyar nan bai kamata ya tsaya a nan ba. Akwai kolejin ƴan Katolika a Tasawa, suna da wurin kwanan ƴan mata. Mati ya je ya gani da idonsa. Ya tarar yawancin ɗaliban Musulmi ne, ga butocinsu jere a gindin dogonyaro. Ya dawo ya ce ya yarda.

Wanda bai yarda ba shi ne wansa, Dikko, mai gonar da ke jikin tasa. Dikko dogo ne, in yana tafiya kamar mai auna fili.

"Ɗiyar gidanmu a makarantar masu ƙararrawa?" in ji shi. "To, kai ta. Ran shuka sai ka kira ƙararrawar ta zuba maka iri."

Daga ranar, abin da ya rage tsakaninsu gaisuwa ce, irin wadda ake yi ba tare da an tsaya ba. Shuka kuwa Mati ya koma yin ta shi kaɗai: ya sare layi, ya dawo ya zuba iri. Aikin yini guda ya zama na biyu.

Makarantar nan tana da wata al'ada. Ranar da za a tashi hutun ƙarshen shekara, akan tara iyaye a fili. Yaron da ya ci kyauta ba shi ake miƙa wa ba. Shugabar makarantar, wata tsohuwar mai hidimar coci da yara ke kira Maser Odil, sai ta kira mahaifi ko uwa ko kaka, ta sa kyautar a hannunsu, su kuma su miƙa wa yaron. Takan ce ba ta taɓa ganin yaron da ya yi ƙoƙari shi kaɗai ba.

Sai dai ƙarshen shekarar makaranta da farkon damina maƙwabta ne. A shekarar Huda ta biyu, ruwan shuka ya sauka ana gobe taro. Mati ya dubi gona, ya dubi hanya, ya ɗauki sungumi. Huda ta zo ta uku a ajinsu. Aka kira sunan mahaifinta sau uku. Ta tsaya ita kaɗai a gaban jama'a, har mai dafa musu abinci ta goge hannu a zane ta fito ta karɓa mata.

Huda ba ta faɗa masa ba. A bakin Mushe Sha'aibu ya ji. Ya daɗe yana murza zaren hularsa. Ranar da za ta koma makaranta, ya raka ta bakin mota ya ce, "Baɗi zan zo."

"Baba, ko an yi ruwa?"

"Ko an yi ruwa."

Shekara ta zagayo. An sa taron ranar Asabar. Damina ta yi jinkiri, har mutane sun fita roƙon ruwa sau biyu. Ran Juma'a da la'asar gabas ta yi baƙi, ruwa ya sauka. Bai yi yawa ba. Mati ya je gona ya tura hannu cikin yashi, ya ji danshin ya tsaya a wuyan hannu. Ya san lissafin: gobe ce ranar shuka, jibi da ƙyar, bayan nan kuma sai abin da Allah ya yi. Wanda ya rasa wannan ruwa, zai iya jiran sati uku kafin wani.

Da safe garin duka ya fita da sungumi. Mati ya fito sanye da rigarsa ta Sallah. Ƙwaryar irin da ya zaɓa tun kaka, zangarniya zangarniya, ya ajiye ta a zaure ya rufe da faifai. A bakin hanya ya gamu da Dikko da ƴaƴansa uku.

"Ina kwana, Yaya."

Dikko ya dube shi daga hula har takalmi. "Yau kuma wace Sallah ce?"

"Tasawa za ni."

"Yau? Kai, Mati? Lalle takarda ta yi daɗi. In rumbu ya ƙare sai ka dafa ta."

"Na yi wa yarinya alkawari," in ji Mati. Ya wuce. Cikin mota bai waiwayi gonaki ba, ƙafafunsa yake kallo har suka hau kwalta.

Ya tarar da makarantar kamar kasuwa. Akwatuna jibge a bakin ɗakunan kwana, ƴan mata suna ta musayar lambobin waya a bayan kaye, wato littafin rubutu, wasu suna neman bokitin da ya ɓace tun watan azumi. An yi waƙoƙi, an yi wasan kwaikwayo, wata yarinya ta sa gemun auduga ta kwaikwayi malamin lissafi har shi kansa ya riƙe ciki. Ƴan birni sun cika kujerun gaba. Bencinan baya, inda mutanen ƙauye suka saba zama, rabinsu babu kowa. A can Mati ya zauna.

Da aka zo ajin su Huda, Maser Odil ta gyara tabarau ta karanta da Faransanci. Mati bai ji komai ba sai sunan ɗiyarsa da nasa. Wata mata kusa da shi ta taɓa shi. "Malam, in kai ne, tashi mana! Ita ta zo ta ɗaya."

Tafiyar ba ta fi taku talatin ba, amma ya ji ta fi ta Tasawa nisa. Huda na tsaye, tana leƙen bencinan baya. Da ta hango gajeren mutumin nan cikin rigar Sallah, sai ta rufe baki da gyale. Maser Odil ta ɗora masa littattafai uku a hannu, ta ce da Hausarta mai ɗan karkata, "Baba, na ga ruwan jiya. Na san abin da ka bari ka zo. Wannan ma nomanka ne." Mati ya juya ya miƙa wa Huda da hannu biyu. Ƴan ajinsu suka ɗauki guɗa, har mai dafa abinci tana taya su da ludayi a sama.

Ba su sami motar ƙauye ba sai Lahadi da hantsi. Rana ta buɗe tun jiya. Da suka sauka, Mati bai shiga gida ba, ya nufi gona, Huda na biye da littattafanta. So yake ya ga ko akwai sauran danshin da zai ɗauki ko layi goma.

Ya tsaya a bakin gonar. An shuke ta, daga kan iyaka har gindin gawo. Ya bi layi ɗaya da ido. Shi saransa kusa-kusa yake yi, daidai ƙafarsa. Waɗannan ramuka kuwa, tsakanin ɗaya da ɗaya sai ya yi taku da rabi. Mutum guda ne a ƙauyen ke da wannan taku.

Ya ɗaga kai. Can a gonar da ke jikin tasa, Dikko ne ke sara cikin rana, ƴaƴansa na biye, ga kusan sulusin gonar ba a taɓa ba, saman yashin har ya fara fari.

Mati ya tuɓe rigar Sallah ya rataya a reshe, ya karɓi sungumi a hannun babban ɗan Dikko, ya kama layin da ke kusa. Huda ta ajiye littattafai a inuwa, ta ɗauki ƙwaryar iri, ta shiga bayan baffanta. Dikko bai juyo ba. Sun yi layi biyu kafin ya yi magana.

"Ke. Ba ki manta ba?"

"Dunduniya ba ta mantuwa, Baffa."

"Hm. Ta nawa kika zo?"

"Ta ɗaya."

"Cikin mutum nawa? In ku biyu ne, faɗa mini."

"Mu hamsin da huɗu."

Sungumin ya tsaya a sama. "Har da ɗiyan ma'aikata?"

"Har da su."

"To, mi ne na mamaki? Jinin gidanmu ne." Ya ci gaba da sara. Can ya ɗaga murya ba tare da ya dubi ƙanensa ba. "Kai kuma, mai rigar Sallah, buɗe ƙafa. Kana cika mini gona da ramuka."

"Yaya, iyakar wadda Allah ya ba ni ke nan."

Sun gama kafin la'asar. Bayan kwana shida wani ruwan ya zo, shuka ta kama duka biyu. Maganar wanda ya shuka gonar Mati kuwa, ba a taɓa tayar da ita ba. Amma duk wanda ya bi hanyar nan a daminar, ya ga hatsin Mati a wawware, ya ga kuma wani gefe na gonar Dikko a cunkushe, ba ya bukatar tambaya.

Shekarar da Huda ta gama kolejin, ruwa ya yi hankali, ya sauka kwana goma kafin taro. Da aka kira sunan mahaifinta, mutum biyu suka tashi daga bencin baya, gajere da dogo. Dogon ne ya riga isa.