Motar da na zare wa farfela

A lokacin ni direba ne, ina da tsohuwar akori-kura mai jan ƙafa huɗu. Da ita nake shiga gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure ina fito da kwandunan tumatir bakin titi. Ban yi boko ba, mota na sani, kuma ina ji da kaina. Inda wasu ke kafewa a laka ni wucewa nake yi, shi ya sa manoma ke jirana.

Wata rana da hantsi na ɗauko kaya daga wajen Kadawa, ina bin gefen kanal, sai na ji ƙara a ƙasa kamar an buga guduma. Na sauka na leƙa. Farfelar baya, wato dogon ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, ta tsinke daga bakinta tana jan ƙasa. Tumatir ba ya jiran bakanike. Na kwanta da sifana na kwance notinan, na zare ta gaba ɗaya, na sa giyar taimako mai haɗa ƙafafun gaba da inji, suka ja mu a hankali har gida. Dabara ce ta kai mota gida, amma ni sai na ci gaba da aiki a haka, na ce sai an gama ɗiban tumatir zan kai ta gareji. Kuma na san haɗarin. Birkin hannun irin motar nan ba taya yake kamawa ba, mazaunin farfela yake riƙewa. In babu farfelar baya kuma ka cire taimako, ba abin da zai tsai da ita, ko birkin ko giya. Don haka ban taɓa cire taimakon ba, kuma duk inda na tsaya sai na tokare taya da dutse.

Ina da amini, tare muka yi karen mota, daga baya ya koma noman shinkafa. Wata safiya ya same ni wurin mai shayi, benci cike da manoma, ya ce in ara masa tsohuwa ya kai taki gona. Haka yake kiran motar. Ya tambaya cikin tsokana ko tsohuwa ta tashi lafiya, ko ita ma a haɗa mata shayi mai kauri. Aka yi dariya. Masu ba ni lodi duk suna zaune suna ji. Na ce ta fi shi lafiya, na miƙa masa makulli. Na yi niyyar bin sa waje in raɗa masa maganar farfelar, sai wani ya ɗauko maganar lodin gobe, na koma na zauna.

Ya isa gona ya tsaya a gangaren kanal, ya ja birkin hannu. Da ya ga taimako a ciki sai ya cire, don kada motata ta wahala. Ya zaga baya ya fara janyo buhu. Motar ta biyo shi, ta kayar da shi, ta danne masa ƙafar dama. Sai da masu dashe suka taru kafin aka ɗaga ta.

An yi asibiti, an yi mai ɗori, ƙafar ba ta koma daidai ba. Duk wanda ya je dubiya, sai aminin nawa ya ce masa laifin kansa ne, shi ya manta bai ja birki ba. Ina zaune a gefen tabarmarsa ina ji, ina cewa Allah ya kiyaye gaba. A ɓoye na kai motar aka mai da farfela.

Shekaru suka wuce ban buɗe baki ba. Bara da damina ina tuƙi na hango shi yana ɗingishi a gefen kanal, ya tsaya yana hutawa. Na ce ya shigo. A cikin motar na faɗa masa komai, idona a kan hanya. Ya ce ai ya sani. Ya ce lokacin da yake kwance a ƙarƙashinta yana jiran a ɗaga, sama yake kallo, ya ga wurin farfela ba komai. Na tambaye shi me ya sa ya ɗora wa kansa. Ya ce da ya faɗa ba mai ƙara ba ni lodi, kuma yarana sun fi nasa yawa. Ya ce in sauke shi a kwana, ya yi min godiya, ya sauka da ƙyar.

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Abin da na gane shi ne ba farfela ce ta karya shi ba, girman kaina ne. 'Yan uwana direbobi, gyaran hanya iyakarsa gida, daga gida sai gareji. In za ku ba wani makulli, ku faɗa masa abin da babu a ƙarƙashin motar, ko da a gaban wa. Ni kunyar mutanen benci ɗaya na guda. Yanzu kullum a masallaci yana gefena, yana salla a zaune.