Wanda Ya Amsa Sunana a Lakwal

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labari ya iske ni cewa na mutu.

Ina zaune ƙofar shagona a Zango, ko shayin farko ban shanye ba, sai waya. Wani abokin cinikina ne daga Maraɗi. Da ya ji muryata sai ya yi salati ya kashe. Ya sake kira ya ce, "Alhaji, kai ne? To wane Mutari Bukari ne rediyo ta ce ya rasu da asuba?"

Na ce, "Wancan ne. Na aro."

Ga waɗanda ba su sani ba, mu biyu ke amsa wannan suna a garin Damagaram. Ni aka yanka wa rago. Shi takarda ce ta ba shi.

Tun hantsi nake karanta abin da kuke zubawa a nan. Ɗan babban gida. Jinin fatake. Tsohon ma'aikaci mai gaskiya. Wasunku ko hannu ba su taɓa haɗawa da shi ba. Ni da na san shi tun yana da ƙwarƙwata a ka, bari in faɗi nawa. Wanda zai ji haushi ya ji.

Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, aji uku ce, ginin ƙasa, can bayan Zango inda ake durƙusar da raƙuma. Zamanin Nasara ba kai yaro ake yi ba, kama shi ake. Kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya yanka wa mai unguwa adadi, mai unguwa ya bi gida-gida. Gidan da ya shiga, mata su yi ta kuka har maƙwabta su zo jaje.

Ni da aka kama ni, daɗi na ji.

Har yau ina jin ƙanshin tawadar nan a hancina. Mu share fili da sassafe, mu cika randar aji, mushe, wato malamin aji, ya bi layi yana duba farce da bayan kunne. Ka rubuta a ɗan allon nan baƙi, arduwaz, ka ɗaga sama, ka goge da yawu da hannun riga. Akwai gonar gyaɗa ta lakwal, mu muke nomewa, mu kuma muke sacewa. Akwai wani ƙashin jaki da ake rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa. Shekara biyu na yi, ƙashin nan bai taɓa kwana a wuyana ba.

Ni ne na ɗaya a aji. Ba yabon kai ba ne, akwai sauran tsofaffi a Zango, ku tambaya.

Mahaifina, Alhaji Bukari, fata yake kaiwa Kano ya komo da goro. Wata rana ya fito ya same ni ina alwala ina rera waƙar lakwal. Bai doke ni ba. Tsayawa ya yi yana kallona, sannan ya sa takalmi ya nufi gidan mai unguwa.

Cire yaro ba ya yiwuwa, don ana ƙirga. Amma a hutun daminar nan aka ɗauke mushenmu, aka ce wani sabo na zuwa daga Dahome, wanda bai san fuskar kowa ba. Mai unguwa ya ce wa Baba, "Alhaji, kumandan kai yake ƙirgawa, ba fuska ba. Kawo mini kai."

Baba na da gona a Hamdara, da wani bawan Allah da ke noma masa ita. Mutumin na da ɗa tsarana.

Ku duba fa. Ni za a cire, kuma ni aka tura ƙauye wata uku in horar da wanda zai zauna a bencina.

A gindin tsamiya muke zama, ina zana masa baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Yana kuka, majina har baki, wai shi ba ya son zama kafiri. In kira sunana, maimakon ya ce "Firezan, mushe," yadda ake amsawa a aji, sai ya waiga yana neman wanda ake kira. Ya sha mari a hannuna, ba zan ɓoye ba. Amma kan nan nasa, in abu ya shiga ba ya fita. Wannan ma haushi yake ba ni.

Ranar da aka koma, duk Zango ta sani. Kowace uwa ta ja kunnen ɗanta. Mai ƙosai ta ƙofar lakwal ta sani, mai gadi ya sani. Mushe kaɗai ne baƙo.

Ni kuma an ɗora mini faifan goro. Maimakon in yi kasuwa, ƙafata ta kai ni bayan aji, na raɓe ƙarƙashin taga.

Mushe ya fara kiran suna. Ya zo kan "Mutari Bukari." Shiru. Ɗan ƙauye ya kasa amsawa. Mushe ya sake kira.

Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce "Firezan, mushe!" ba.

Daga waje.

Mushe ya leƙo ta taga da bulala a hannu, ya ga yaro da faifan goro. Ya juya ya tambayi aji wane ne wannan. Ba wanda ya yi motsi. Sai mutumin naku ya miƙe, ya harɗe hannu a ƙirji yadda na koya masa, ya ce da faransancin da ni na zuba masa a baki:

"Boyin gidanmu ne, mushe. Ba shi da hankali sosai."

Aji ya fashe da dariya. Yaran da jiya-jiya suke leƙen arduwaz ɗina.

Daga ranar yaran Zango suka sa mini Boyi, sai da na yi gemu sunan ya sake ni. Ni kuma na sa masa Aro. Ban taɓa kiransa da wani suna ba, a gaban matarsa, a gaban manyansa na aiki, ko'ina.

To, tunda ranar faɗin alheri ce, bari in faɗa, kada a ce na ci haƙƙin mamaci.

A gidanmu ya zauna, tunda ɗan gidan ne a takarda. Duk Alhamis ba a zuwa lakwal, sai ya biyo ni rumfar goro da kaye ɗinsa, littafin rubutun aji, a hammata, ya ajiye kusa da ni ya yi kamar ya manta. Da haka na iya rabawa da ninkawa. Da haka na san inda teku yake. Ban taɓa ce masa na gode ba, shi ma bai taɓa nuna ya san ina buɗewa ba.

Ƙarshen wata shekara ya zo na ɗaya, aka ba shi kyautar littafi mai hotuna. Ya kawo mini ya ce, "Karɓi, naka ne. Ga sunanka an rubuta a ciki."

Na yayyage shi na riƙa ƙunsa wa mutane goro. Yana tsaye yana gani.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ya ci satifika. Ranar bikin, 'yan lakwal suka yi jerin gwano da sabuwar tuta, shi ne a gaba da farin wando. Ni ina gefen hanya da faifan goro ina cewa ga fari ga ja. Nasara suka tattara, aka shiga neman duk wanda ya iya riƙe alƙalami. Aka tura shi Yamai ƙarin karatu, ya dawo ya zauna a biro, wato ofishin gwamnati, da fanka a kansa.

Abin da ya fi ci mini rai ba shi ba ne, Baba ne, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ya cire ni don kada in kafirta, shi ne in 'yan duwan, wato kwastan, sun tare masa kaya a hanyar Kano sai ya gyara rawani ya ce, "Ku bi a hankali, ɗana Mutari yana biro." Ina tsaye a bayansa da huhun goro a ka.

Da na tashi zuwa Makka aka ce sai da takardar haihuwa. Na je biro. Wa zan gani a bayan tebur?

Ya ɗago ya ce, "Sunanka?"

Na ce, "Aro, kada ka raina mini hankali."

Ya ce, "Ni na sani. Takarda ce ba ta sani ba. Mutari ɗan Bukari na Zango an riga an haife shi, ga shi zaune. Ba a haihuwarsa sau biyu."

Ya ja takarda ya rubuta Sani Bukari, ya rage mini shekara huɗu, ya mai da ni ƙaninsa. A yini ɗaya ya gama mini abin da wasu ke wata uku suna sintiri a kai. Har ƙofa ya rako ni yana cewa in yi masa addu'a a Arfa.

Da sunan Sani na yi ɗawafi. 'Ya'yana goma sha ɗaya, kowanne Sani ne a bayan sunansa. Nasa su ne 'ya'yan Mutari, jikokin Alhaji Bukari. Sanarwar yau ma haka ta ce: ya bar 'ya'ya da jikoki da ƙaninsa Alhaji Sani.

Ƙaninsa!

Ganinmu na ƙarshe bai fi wata biyu ba. Ya aiko a kira ni. Na ƙi. Ya sake aikowa, na hau kabu-kabu na tafi Kara-Kara, inda ya koma da ya ajiye aiki. Gidan ba wani gida ba ne. Wannan kam gaskiyarku, bai ci kuɗin kowa ba.

Na same shi kwance, ya zama ƙashi da fata. Na ce, "Aro, ashe ba ka mutu ba."

Ya ce, "Ina jiran ka riga ni, in ga sunan da za a sanar."

Ya kori kowa daga ɗakin. Sannan ya ce, "Mutari."

Tun muna yara bai kira ni haka ba. In da mutane, Alhaji. In ba kowa, kai.

Ya ce, "Maganar boyin nan. Da na faɗi gaskiya ranar, da ubanka da ubana da mai unguwa duk sun kwana a kaso."

Na ce, "Na sani. Na 'ba shi da hankali' fa? Shi ma don kaso ne?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wannan na marin da ka yi mini ne a gindin tsamiya."

Da ya lafa sai ya ce, "Kullum kana cewa na ƙwace maka suna. Kai ko ba komai innarka ta ci gaba da kiranka da naka har ta koma ga Allah. Ni tawa sau ɗaya ta zo Zango ganina, da ɗan ƙunshin ƙuli-ƙuli. Aka ja mata kunne a zaure, aka ce in za ta kira ni ta ce Mutari. Ta dube ni, ta kasa. Sai ta ce, yaro, kana lafiya? Ina Yamai ta rasu."



Ya ce, "Duk wanda ya san sunana ya mutu, sai kai. 'Yan Hamdara na yanzu Mushe suke ce mini. Yaran nan ban taɓa gaya musu ba, kunya ta hana. Kira ni da shi sau ɗaya, in ji yadda yake a bakin mutum."

Shekara sittin da wani abu ina jiran ranar da mutumin nan zai roƙe ni abin da ni kaɗai ke da shi. Ga ta ta zo.

Na ce, "Na manta."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Maƙaryacin mai goro." Ya juya fuska bango.

Na sa takalmina na fito. A hanya har ina jin daɗi. Na ce a raina sai ya ƙara aikowa tukuna.

Bai ƙara ba.

Ɗazu muka kai shi. Bayan an rufe, mai sanarwa ya ɗaga murya ya ce a yi Fatiha ga Mutari Bukari. Ina cikin sahu, da raina, jama'a na shafa mini Fatiha. Shi kuwa da ke ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya ambace shi.

Kada wani ya ɗauka na huce. Bencina ne ya zauna a kai, kuma zan tsaya da wannan magana har gaban Ubangiji. Amma shi ma ba shi ya ɗauki kansa daga gonar ubansa ba. Manya suka yi cinikinsu a zaure, suka mutu suka bar mu muna harara.

Ku 'ya'yansa, na san za ku gani, na san ba za ku ji daɗi ba. Ƙofar shagona a buɗe take, ku zo ku zage ni. In kun gama zan kwatanta muku inda gonar kakanku take.

Sunansa Haruna. Haruna ɗan Illo, mutumin Hamdara. Innarsa Haru take ce masa.

Ya Allah, Kai ba a yi maka musanya a aji. Ka san wanda aka kawo maka yau. Ka jiƙan Haruna ɗan Illo, ka yalwata masa kabari, ka haɗa shi da innarsa ta kira shi yadda ta saba. Abin da ya yi mini da wanda na yi masa, ka dube su da rahamarka. Ni kuma ka yafe mini kalma ɗaya da na hana mara lafiya.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Kuma kada ku yi a zuci. Ku buɗe baki ku ce Haruna.