Malam Isifu ya tafi, majalisarsu ba ta kaɗa ƙuri'a ba

Ina shirin fita makaranta da safen nan aka kira ni. Malam Isifu ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a bencin ƙofar gida da rediyonsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a samo Keke a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Na je gidan, na dawo, na sake komawa. Na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa nake rubutun nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne malamin Faransanci a makarantarmu ta Tudun Wada. Daga wata ƙaramar ƙasa ta gaɓar teku ya zo Zariya neman ilimi tun yana saurayi, ya yi aure, ya zauna. Babban ɗansa Kamalu a can ƙasarsu ya tashi a hannun kakarsa, kuma sojan ƙasar ne.

Makon da na fara koyarwa, ya shigo ajina ya zauna a baya har aka tashi. Na ɗauka zai kai ƙarata ofis. Sai ya raka ni bakin get, ya ce, "Ka san abin, Malam Auwal. Gudunka ne ya yi yawa, yaran da ƙafa suke binka."

Lokacin da babur ɗina ya lalace, wata guda cur yana biyowa ta Kwangila yana ɗaukata, alhali ba hanyarsa ba ce. Ko sau ɗaya bai ambata ba.

Watannin nan hankalinsa ba ya jikinsa. Majalisar dokokin ƙasarsu tana ta jayayya a kan ko su ba da sojoji ga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen ƙawance, don kare wasu ƙauyukan yankin da yaƙi ya addaba. Gwamnati ta ce idan ba su je ba, ranar da wutar ta iso ƙofarsu babu mai zuwa. 'Yan adawa suka ce sojan nawa ne duka, wa zai tsare gida? Bataliyar Kamalu ce a sahun gaba idan aka amince.

Duk lokacin break yana staff room, rediyo a kunne, yana fassara mana. Madam Ngozi, malamar lissafi, ba ta barinsa ya huta.

"Malam, ƙasar da zan zagaye da keke kafin la'asar, ita ce har da tura soja?"

"Madam, ƙasar ce ƙarama. Iyayen cikinta girmansu ɗaya da na ko'ina."

A nan na yi wauta. Ni ke kula da ƙungiyar muhawara ta ɗalibai, kuma zumuɗi ya ɗebe ni na ba su wannan batun: a tura ko kada a tura. Sai da na manna shi a allon sanarwa na tuna ɗan waye ake magana a kai. Na je ba shi haƙuri, na ce zan sauya.

Ya ce, "Bar shi. Gara su koyi jayayya a kan abin da ke da rai a ciki."

A ƙa'idarmu ba wanda ke zaɓar ɓangare. Takardu ake naɗewa a zuba a hula, ɗalibi ya ɗauka, malamin da zai horar da shi ma ya ɗauka. Malam Isifu ya sa hannu, ya warware.

"A tura."

Na miƙa masa tawa a ɓoye, na ce mu yi musaya. Ya harare ni. "Dokar da muka hana yara karyawa? A gabansu?"

Rukayya 'yar aji biyar ce jagorar ɓangarensa, kuma ta san labarin Kamalu. Duk sanda ta zo kan hujja mai ƙarfi sai ta sassauta murya, tana kallon ƙasa. Ya buga tebur.

"Sake! Tausayina kika ji, hujja ba ki faɗa ba. Ni na ce miki ina neman tausayi?"

Da kansa ya ba ta maganar da ta fi kowace nauyi: ƙauyukan da ake cewa a je a kare, su ma akwai iyaye a cikinsu, kuma sun daina zuwa gona. Ya sa ta maimaita har ta iya faɗa tana kallon idonsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Rukayya ta ci. Shi ya fara tafa mata. Daga nan ya fita ya tsaya gindin darbejiya shi kaɗai har aka watse.

Jiya ne ganina da shi na ƙarshe, a bakin get bayan an tashi. Ya ce an sake ɗage ƙuri'ar zuwa Alhamis. Na ce, "Malam, tsakani da Allah, kai me kake so?"

Ya daɗe yana goge madubin babur kafin ya amsa.

"Da safe ina tare da gwamnati. Da yamma ina tare da 'yan adawa. Kamalu kuwa, safe da yamma ɗana ne."

Ya tayar da babur, ya ce sai gobe.

Ɗazu ni aka ba waya in sanar da Kamalu, don ba wanda ya iya. An tsare su a bariki suna jiran hukuncin majalisa, an soke hutun kowa. Ya ce a yi wa mahaifinsa sutura, kada a jira shi.

Sai ya ce, "Malam, don Allah, Baba ya taɓa gaya maka yana so in je ko kada in je? Ni kullum sai dai ya tambaye ni ko na ci abinci."

Na so in zaɓar masa amsa ɗaya don ya samu abin riƙewa. Na kasa. Na faɗa masa maganar jiya yadda take, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ce in sake faɗa. Na sake.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa da ke Tudun Wada. Tsofaffin ɗalibansa da ke kusa, ku daure ku zo, ku cike wa Kamalu gurbinsa a sahu.

Allah Ya jiƙan Malam Isifu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙurin rashi.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Ranar Alhamis kuma ku tuna da Kamalu. Ban san ɓangaren da zan ce ku roƙa masa ba. Ku roƙi Allah Ya zaɓa masa mafi alheri, Ya tsare shi, Ya tsare mutanen ƙauyukan can, Ya kawo shi Zariya da ƙafarsa ya ga kabarin mahaifinsa.

Amin.