A Ƙofar Ɗakin Inna

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take cewa. Haka ake yi a wajenmu, kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani. Amma yaro ƙarami bai san al'ada ba. Abin da ya sani, in ya faɗi ya kurje gwiwa, uwarsa kawar da kai take yi.

Da aka yaye ni sai aka kai ni Warra wurin Gwaggo, ƙanwar babana, mai bandar kifi. Ita ta goya ni, cikin zanenta mai ƙaurin hayaƙi na yi wayo. In Inna ta zo daga Yelwa, sai ta gaida kowa, har lafiyar awaki ta tambaya, ni kuwa ta ratsa ta gefena kamar turmi.

"Je ka gaida uwarka," in ji Gwaggo.

"Ba uwata ba ce."

"Ji ɗan nema. To wa ta haife ka, tarwaɗa?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Da haka na girma. Na koyi kawar da kai tun kafin a kawar mini. Mutane suna yabona da kamun kai, ni kuwa na san ramuwa ce. Matata ta taɓa ce mini, cikin wasa, zama da ni sai ka ce zama da garu.

Na haura arba'in lokacin da ƙanwata ta bugo waya ta ce jikin Inna ya yi tsanani. Na isa Yelwa kafin la'asar, na tsaya a ƙofar ɗakin.

"Yaya, shiga mana. Tun jiya take tambayarka."

"Da sunana?"

"Haba Yaya. Kai ma ka sani."

Daga ciki na ji muryarta, ta sirance: "Wancan ne?"

Na ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ban tsallaka dokin ƙofa ba. Fuskarta na kallon bango, amma hannunta ya zamo daga tabarma, ta buɗe tafin ta wajena. Na gani, ba zan ce ban gani ba. Sai na ce bari in je masallaci kada jam'i ya wuce ni. Daga masallacin tasha na nufa. Kwana uku bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Ita al'ada ta ɗaure mata baki, haka ta taras, haka aka yi mata. Ni ba abin da ya ɗaure mini ƙafa. Kuma ni ne nake zaunar da yara ina karantar da su haƙƙin mahaifa.

Kullum ina nema mata gafara, in nema wa kaina. Da ajami na fara rubuta wannan, don na san 'ya'yana ba su iya karanta shi sosai ba.