Takardar Gwaggo

Jikata ta kunna mini wani kiɗan goge da ƙaho a wayarta, Bature yana ba da labarin mutumin da ya zubar da jini don 'yanta bayi. Ni ba a ruɗa ni da kiɗa. Na ce, "Shi ya faɗa. Bayin an tambaye su?"

Sai na tuna Gwaggona, wadda aka sayar a hanyar Hajji. Takardar 'yancinta na ƙunshe cikin tsumma mai ƙamshin kanumfari. Da yake ba ta karatu, ta ja ni unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki, malamai uku suka karanta mata daban-daban, kowa ya ce 'yantacciya ce. Ta ce, "Ko sun haɗa baki?"

Allah ya ba ki littafinki a hannun dama, Gwaggo, ki karanta da kanki.